Shekarun Takarda da Shekarun Ƙashi

Akwai sa hannu guda da na karɓa a aikina wanda in da hali da na goge shi. Na aminina ne, Ɗanlami Direba. Ni na miƙa masa biro, ni na ɗora yatsa a kan layin da zai sa hannun, muna zaune a benci a ƙofar mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi. Ba wanda ya tilasta ni, kuma ba rashin sani ba ne. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da zan faɗa a kan sana'armu ya ɗauka gwani ne yake magana.

Sana'ata wakilcin kamfanin fansho. Mu ne ake turawa ma'aikatu da makarantu da asibitoci mu yi wa ma'aikata rajista, mu gyara abin da ya karkace a bayanansu, mu raka su ranar da za su ajiye aiki. Matasan da suka gaje mu gani suke abin wasa ne: a ɗauki hoto, a dangwala yatsa a na'ura, a tura. Wani a cikinsu ya taɓa ce mini wannan aikin ko a kwance sai ya yi shi. Ban yi masa musu ba. Dangwala yatsa kam ana iya yi a kwance.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Daga sakandare na shiga aikin masinja a sashen fansho na wata ma'aikata, zamanin tsohon tsari, lokacin da tsoho yakan zo da tabarmarsa da butarsa ya yi kwanaki a baranda yana jiran a nemo fayil ɗinsa. A nan na haɗu da Baba Ishaya, akawu, mutumin kudancin Kaduna, wanda shi ne maigidana a wannan sana'a. Aikina na farko a hannunsa shi ne kaɗe ƙasa da kashin ɓera daga fayiloli da ɗinke su da zare. Na daɗe ina wannan kafin ya yarda in zauna kusa da teburinsa in saurara.

Baba Ishaya ba ya tambayar mutum shekarunsa. Kujera yake ba shi, ya zuba ido ya ga yadda zai zauna. Akwai mai faɗawa kujera kai tsaye, akwai mai dafa gwiwa tukuna ya sauke numfashi. Daga nan sai ya ja shi da hira, ya tambaye shi yana ina lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira. In mutum ya gyara zama ya fara ba da labarin yadda uwarsa ta aike shi kasuwa da sabon kuɗi aka cuce shi a canji, to Baba ya gama lissafinsa, ko da fayil ya ce a lokacin ba a haife shi ba. Yakan ce kowane ma'aikaci a ƙasar nan shekaru iri biyu gare shi. Yawancinmu ba a asibiti aka haife mu ba, ba wanda ya rubuta rana. In an zo neman aiki sai a tafi kotu a yi rantsuwa, a zaɓi shekarar da mai ɗaukar aiki yake so.

"Haruna," in ji shi, "ofis takarda yake bi. Amma ƙashi ne yake ajiye aiki."

Da sabon tsari ya zo, wanda ake cire wa kowa wani abu daga albashinsa ana tara masa a asusunsa, kamfanonin fansho suka shiga neman mutanen da ma'aikata suka sani suka yarda da su. Haka na samu shiga. Baba Ishaya ya riga ya koma gida, can kuma ya rasu. Kayan aikina a lokacin tebur mai naɗewa ne, da laima, da baƙin biro, da tawadar dangwale, da tsumman goge yatsa, duk a bayan babur. Yankina Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi har zuwa Unguwar Gano. Nakan kafa tebur a bakin ƙofar ma'aikata lokacin tashi, don mai shara da maigadi ba sa shiga ofis su yi tambaya, amma a gindin bishiya sai su faɗa maka har abin da ba ka tambaya ba.

Wata mai wanki a wani asibiti, Inna Asabe, ita ta koya mini aikin yatsa. Lokacin an kawo na'ura an daina tawada. Omo da ruwan bilic sun cinye zanen yatsunta kaf, na'ura ta ƙi karɓa. Muka gwada dama muka gwada hagu, ta ƙi. Mutane na bayanta suna tsaki. Sai ta ce in dakata, ta goga babban yatsanta a gefen hancinta inda maiƙo yake, ta ɗora, nan take ta karɓa. Ta ce haka take yi a banki. Daga ranar na riƙa yawo da ƙaramin kwalbar basilin saboda birkiloli da masu wanki. Akwai kuma aikin suna. Mutum ɗaya Mamman ne a wurin aiki, Muhammadu a banki, Muhammad a katin ɗan ƙasa. In ba ka daidaita masa yana da ƙafarsa ba, wata rana matarsa ce za ta yi ta zarya da takaba a kanta. Akwai kuma masu zuwa su sunkuyo su tambaye ka a hankali ko kuɗin nan akwai riba ta haram a ciki. Waɗannan ba a yi musu dariya, ba a kuma yi musu fatawa. Ka gaya musu inda ake juya kuɗin iya saninka, ka ce su tambayi malaminsu.

Daga baya aka raba ajiyar gida-gida, kuma a nan ne maganata take. Kuɗin fansho ba kwance suke ba, juya su ake yi. Asusu na ɗaya kamar ka ba ɗan gwari jarinka ne, mai fataucin tumatir da albasa: wata shekara ya dawo da riba mai daɗi, wata shekara kaya su ruɓe a mota. Hannun jari ya fi yawa a cikinsa, kuma ba a sa mutum sai ya nema da kansa, shi ma sai in bai kai hamsin ba. Na biyu tsaka-tsaki ne, nan ake ajiye kowa. In mutum ya cika hamsin sai a mayar da shi na uku, wanda yake kamar hatsi a rumbu: ba ya ninkuwa, amma ba ka wayar gari ka tarar ya zube. Hikimar a fili take. Yaro in kasuwa ta faɗi yana da shekarun da zai jira ta tashi. Wanda ya kusa ajiye aiki ba shi da su. Sai dai na'urar da take mayar da mutum rumbu ba ta ganin furfura. Ranar haihuwar da aka rubuta take bi.

Ɗanlami direban wani kamfanin rarraba magunguna ne a Tarauni. Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, saboda haka tun ranar da muka haɗu bai taɓa kiran sunana ba. Bawana yake ce mini. In na iso majalisa bayan la'asar sai ya ce a ɓoye aljihu ga Bakano nan, wanda zai sayar maka da takalminka kana sanye da shi. Ni kuma in ce a matsa wa Bazazzagi ya zauna, tunda garinsu ba benci. Sa'ana ne. Na san haka kamar yadda na san sunana, don labarin da ya fi so ya bayar shi ne na ranar da aka koma tuƙi ta hannun dama, yana yaro mai tallan goro a tasha, yana kallon direbobi suna rikicewa, a ranar ya ce shi ma sai ya yi tuƙi. Ni ma na tuna ranar. Amma lokacin da ya nemi aiki a kamfanin an ce matashi ake so, sai ya je kotu ya zubar da shekara goma. Gemunsa kullum a rine. A takarda bai kai hamsin ba, a ƙashi ya doshi sittin.

Abu guda ya sa a gaba. Yana da kango a Hotoro, gini ya kai inda za a ɗora rufi ya tsaya, shi kuma yana haya a Gyaɗi-Gyaɗi da iyalinsa. Duk lissafinsa a kan dunƙulallen kuɗin da ake ba mutum ranar ajiye aiki yake: a sayi katako da kwano, a rufe, ya shiga gidansa ya mutu a ciki. Haka yake faɗa. Ranar Lahadi yakan je ya cire ciyawa a tsakar kangon ya dawo.

A shekarar da aka buɗe asusu na ɗaya, manyanmu suna yabon duk wakilin da ya kawo masu komawa can. Matasan ofis suna ta kawowa, abokansu ne 'yan banki da nas-nas masu jini a jika, kuma daidai ne a gare su. Ni mutanena masu gadi ne da direbobi. A taron ofis aka karanta sunaye, nawa ba kowa a gabansa, wani ya nuna ni ya ce a bar Baba da tawadarsa, wannan harkar ta masu karatu ce. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da yamma na tafi majalisa da takardar canji a jaka.

Na gaya wa Ɗanlami kasuwa tana tashi, in ya koma na ɗaya kuɗinsa za su yi gudu, kafin ya ajiye aiki ba kwano kawai ba har silin da fenti. Duk abin da na faɗa a ranar gaskiya ne, kasuwar tana tashi. Ya tambaye ni ko ba a ce abin na yara ba ne. Na ce ai shi yaro ne, gwamnati ma ta shaida, ga takarda. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi, ya ce yau Bakano ya faɗi gaskiya, a rubuta. Sannan ya goge baki ya ce shi bai san kan wannan abu ba, tuƙi ya sani, in na ce hanya tana da kyau zai bi. Ya karɓi biro.

A ranar nawa kuɗin suna asusu na uku. Takardata gaskiya ce, mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya rubuta ranar da aka haife ni, don haka da aka yi rabon na'ura ta kai ni rumbu ba tare da na ce komai ba. Ban taɓa tunanin fitar da su ba.

Abin da ya kamata in yi ba ɓoyayye ba ne. Mafi ƙaranci in bar shi a na biyu inda yake. Mafi kyau in zaunar da shi in ce ya je ya gyara shekarunsa, ko da hakan zai matso masa da ranar barin aiki, don a kai shi inda sa'anninsa suke. Da zai yi fushi, ya ce ina so in kore shi daga mota. Da fushin kwana biyu ne.

Muguwar shekara ba ta yin sallama. Da farko saƙon da kamfani yake turo wa mutane a waya ya daina hawa, sannan ya fara sauka. Masu asusu na biyu sun ji a jikinsu kaɗan, masu na uku ko gezau, masu na ɗaya kuwa suka riƙa tare ni a hanya. Matasan sai in ce su yi haƙuri zai tashi, kuma gaskiya na gaya musu. Ɗanlami ya miƙo mini wayarsa a majalisa ya ce in karanta masa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Direba ne fa, yana gaya mini idonsa ya fara rauni, ban tsaya na ji wannan ba. Na ce masa abin da nake ce wa yara. Da a lokacin na cike masa takardar komawa na biyu, da asarar ta tsaya iya nan. Amma cike ta yana nufin in ce na yi kuskure a gaban mutanen benci, in kuma janye suna ɗaya tilo da na kai ofis. Na ce ya jira. Ya sake nuna mini bayan wasu watanni, na sake cewa ya jira.

Yana sauke kwalayen magani a wani kanti ya faɗi. Hawan jini, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likitoci suka rubuta cewa ya gama tuƙi, kamfaninsu ya sallame shi a kan rashin lafiya. Na je wurin manajanmu na tambaya ko akwai dabara. Ya ce dabara ɗaya ce, ya bar kuɗin kada ya taɓa har kasuwa ta farfaɗo. Shawara ce mai kyau ga wanda yake da albashi. Ɗanlami ga magani, ga gashin ƙashi, ga mai gida yana aiken kuɗin haya. Duk wanda zai fita, da farashin ranar da ya fita ake yi masa lissafi, kuma ranar Ɗanlami ta faɗo a gindin rami.

Aikin sallama ni na yi masa, a ɗakinsa. Yana kwance a katifa an jingina shi da bango, gemun ya fito fari fat tunda ba mai rina masa. Hannun da ya sa mini hannu da shi ba ya motsi, don haka na koma wa tsohuwar tawadata. Na ɗaga babban yatsansa na dangwala, na ɗora a takarda, na goge masa da tsumma. Hannun da nauyi kamar ba na mai rai ba. Matarsa Rabi tana bakin ƙofa, ta tambayi nawa za a samu. Na faɗa. Ta ce kafinta ya ce kuɗin rufi ya fi haka, ko kuwa ita ce ba ta ji daidai ba. Na ce daidai ta ji.

Ɗanlami ya daɗe yana haɗa magana, don bakinsa ya karkace.

"Malam Haruna," ya ce. "Kai naka a wanne yake?"

"Na uku."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Ya dubi rufin ɗakin. "To. Allah ya sa albarka."

Rabi ta kawo mini ruwa na sha, na naɗe takarduna na fito. Tun daga ranar, Malam Haruna nake a bakinsa, ba bawansa ba.

Kada wani ya ce na ce kamfani ya ci kuɗinsa. Ba wanda ya ci ko kwabo. Kuma ban ce da yana rumbu da ya zama mai arziki ba, ciwo ya ci nasa rabo ko ta yaya. Amma na zauna na auna abin da zai samu da ban taɓa shi ba da abin da ya samu, kuma tsakaninsu akwai rufin ɗaki biyu. Ɗaki biyu sun ishi mutum ya bar haya. Da ya shiga, da sauran ginin ya jira 'ya'yansa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, wani ya jiƙe.

Aka sayar da kangon. Ƙanensa ya zo da motar haya ya kwashe su zuwa ƙauyensu a ƙasar Zazzau, aka ba su ɗaki a gidan gado. Bayan tafiyarsu kasuwa ta tashi kamar yadda na yi ta faɗa, ta wuce inda take a da. Matasan da na ce su yi haƙuri suka riƙa tsayar da ni suna godiya, wani har da sa mini kati a waya.

Na je ƙauyen sau ɗaya. An yi mini shimfiɗa a zaure, an yanka kaza, yara sun zo sun durƙusa sun gaishe ni. Irin karɓar da ake yi wa baƙon da ake jin nauyinsa. Muka yi maganar damina da tsadar taki. Da zan tafi na ce masa ina da abin da na ware daga nawa, ina so ya karɓa. Ya ce haba, ai shi ya sa hannu da kansa, ba wanda ya kama masa biro, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun yana Kano. Ya sa ɗansa ya raka ni bakin titi da ƙullin barkono. Yanzu sai da salla nake kiransa, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi jiki, sai ɗaya ya ce to madalla.

Ni ma na ajiye aiki. Nawa ya fito cif, kowane wata yana shigowa. Majalisar ta watse, wasu sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu sababbin unguwanni, mai shayin ya tashi an kafa rumfar cirar kuɗi a wurin. Bayan la'asar nakan fito da kujera ƙofar gida in zauna ina kallon 'yan adaidaita sahu suna wucewa har a kira magariba.

Na san abin da matasan sana'a suke faɗa yanzu, cewa rumbu ma ba tsira ba ne, tsadar kaya tana cin kuɗin da yake kwance kamar yadda gara take cin hatsi. Gaskiya ne, ni ma ina ji a cefanena. Amma gara a hankali take ci, kana gani kana rage ciki. Faɗuwar kasuwa rana ɗaya take yi, kuma ba ta tambayar ko ranar ce likita zai ce ka gama.

Saboda haka ga roƙona ga duk wanda ya ɗauki jakar nan bayana. In mutum ya zauna a gabanka yana so a kai kuɗinsa inda suke gudu, ajiye na'urar tukuna ka dube shi. Ka tambaye shi me yake jira ya yi da kuɗin, kuma in aiki ya ƙare masa gobe, yana da abin da zai ci har kasuwa ta dawo? In ya yi shiru, kada ka miƙa masa biro, ko da zai zage ka, ko da sunanka zai zo na ƙarshe a ofis. Ku kuma masu ajiyar, wanda ya san ya rage shekaru ya faɗa wa wakilinsa tun yana tafiya da ƙafarsa. Kuma duk wanda ya ce ku kai naku wani wuri, ku tambaye shi inda nasa yake kafin ku sa hannu, ba bayan an ɗaga muku yatsa ba. Ni na yi, na ga inda ya kai mutum. Don Allah kada ku yi.